A ajinmu babu wanda muka rubuta wa ɗan kasuwa

Watan jiya na je Makango gaida tsohuwata. Ina cikin binciken akwatin ƙarfen da na yi zaman sakandare da shi, sai ga wata takarda a ninke a ƙarƙashin tsofaffin littattafai. Fallen tsakiyar littafin rubutu ne, ya yi ja, tawadar ta fara gudu. A sama an rubuta "bayan shekara goma" da manyan baƙaƙe. A ƙasa sunayen 'yan ajinmu ne su 41, kowa da abin da muka yanke masa zai zama.

A Salaga muka rubuta ta a 2013, da la'asar, ranar da muka fito daga takardar ƙarshe ta WASSCE. Masu tunawa sun san shekarar, ita ce wadda 'yan tsarin shekara huɗu da 'yan tsarin shekara uku suka zauna jarrabawa tare, aka saki rukuni biyu lokaci guda su je su yi turereniya a ƙofar jami'o'i da kwalejoji. Mu dai a ranar ba mu san da wannan lissafin ba. Mun baje a gindin dalbejiya, ana kiran suna, ana ihu, wanda ya fi kowa kyan rubutu yana rubutawa.

Na zauna a bakin gadon tsohuwa na ƙirga. Nas 12. Malaman makaranta 9. 'Yan sanda da sojoji da kwastan 7. Sauran lauyoyi ne da ma'aikatan banki da ɗan majalisa ɗaya da likita ɗaya. Ni lauya aka ba ni saboda surutu, yau ga ni ina koyarwa a ƙaramar sakandare, alhamdulillahi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne a cikin mutum 41, waɗanda kusan dukkanmu da kuɗin doya da kifi da albasa da ɗinki aka biya mana makaranta, babu ko ɗaya da muka rubuta wa ɗan kasuwa. Mutum biyu kaɗai aka ba abin da ba aikin albashi ba, su ma don a yi musu dariya ne.

Na farko ɗan garinmu ne, tare muka taso a bakin ruwa. An rubuta masa "matuƙin kwale-kwale", aji ya fashe, shi ma ya yi yaƙe. Yau doya yake saye a ƙauyukan Gonja, ya cika mota, ta hau jirgin fito daga Makango zuwa Yeji, daga can ta bi Atebubu da Ejura da Mampong har Kumasi. Yana da yara masu lodi, yana da littafin shiga da fita da yake riƙewa daidai yadda aka koya mana a aji. Lokacin da na fara koyarwa aka yi watanni albashina bai fito ba, shi ya riƙa turo mini ɗan abin cefane ta momo, bai taɓa tuna mini maganar dalbejiya ba. Ni ne dai ban manta ba, don ina cikin waɗanda suka fi kowa dariya.

Ta biyu 'yar Bawku ce, shiru-shiru, tana zama a bayan aji. Mun rubuta mata "matar Alhaji". Wato iyakar abin da muka hango mata kenan. Aure kam ta yi, amma albasa take fatauci, ta Bawku in lokacinta ya yi, ta Nijar in ta gida ta ƙare. Tana cikin waɗanda aka tasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a 2021. Da aka yi juyin mulki a Nijar a watan Yulin 2023 aka rufe iyakoki, kayanta na cikin waɗanda suka ruɓe a mota. Ga rikicin Bawku da dokar hana fita da fargabar hanya. Duk da haka ba ta durƙushe ba, ƙannenta biyu ita ta kai su kwaleji. Da na tura mata hoton takardar, amsarta gajeruwa ce: "Malam, ai ba ku yi ƙarya ba, Alhajin ma ni na biya masa kujera."

Wanda labarinsa ya fi ci mini rai shi ne na ɗayan ajinmu, ɗan Yendi. Tun aji ɗaya muke ce masa Dakta, malamai ma haka suke kiransa, har sunansa na yanka ya ɓace. Sakamakonsa ya yi kyau, amma bai kai matakin da ake yankewa na karatun likita ba, gurbin masu biyan cikakken kuɗi kuwa ya fi ƙarfin mahaifinsa. Ya shiga kwalejin koyon aikin jinya, ya gama, ya yi bautar ƙasa, sannan ya dawo gida zaman jiran fostin. Shekaru ya yi a haka. A unguwa kuma ba a fasa ba: Dakta ina kwana, Dakta yaushe za a fara aiki. Ya daina zuwa ɗaurin aure, ya fice daga zauren ajinmu na WhatsApp. Wani ɗan'uwansa ya yi masa tayin su haɗa hannu a cinikin hatsi kafin aiki ya fito, ya ƙi. Ya gaya mini daga baya cewa ba raina cinikin ya yi ba, kunyar a ga Dakta yana awon masara a kasuwar Yendi ce ta hana shi. Yanzu yana aiki a wani ƙaramin asibiti, marasa lafiya na yabonsa, amma har yau in ka kira shi da wannan sunan sai ka ga fuskarsa ta canja. Mu muka ɗora masa kayan, da sunan ƙauna.

Akwai kuma abin da takardar ba ta san da shi ba sam. Ɗaya ya bi ta Agadas zuwa Libiya, tun daga nan ba a ƙara jin duriyarsa ba. Biyu suna ramin galamse a kudu. Ɗaya daga cikin nas ɗin da muka rubuta ta zama nas ɗin da gaske, tana Ingila.

Za a ce ai wasan yara ne, me ya kai ka ɗaukarsa da zafi? To, yara ba daga sama suka samo jerin ba. Mu manya muka ba su. Ku saurari addu'ar da ake yi wa yaro ranar da zai tafi makarantar kwana: Allah ya sa ka zama likita, Allah ya sa ki zama nas. Mai addu'ar kuwa mahauci ne ko mai sayar da goro, da sana'arsa ya gina gida ya je Makka, amma bakinsa ba zai iya cewa Allah ya sa ka fi ni iya ciniki ba. A zangunanmu mun maida kasuwa wurin da ake komawa in boko ya ƙi.

Abin mamakin shi ne a Salaga ake wannan tunani. Ciniki ne ya kawo Hausawa garin. Fatake daga Kano da Katsina suka riƙa tako ƙasa watanni da jakuna, su zo Gwanja sayen goron da ake kawowa daga ƙasar Asante. Ban manta cewa a kasuwar nan har mutane aka sayar ba, wannan tabo ne da ba ya gogewa. Amma harshen da nake rubutu da shi yanzu a bayan ayarin goro ya iso nan, haka malamai irin su Alhaji Umaru, wanda ya zauna a Salaga kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa 'yan kasuwar garin, ya ƙarasa rayuwarsa a Kete Krachi. Jikokin waɗannan mutanen ne suka zauna a gindin dalbejiya suka kasa tuna cewa fatauci aiki ne.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Ban ce a bar boko ba. Mun daɗe muna biyan bashin shekarun da kakanninmu suka ƙi kai yara makarantun mishan don tsoron a raba su da addini, kuma tsiraru irinmu in ba su da likitoci da lauyoyi da 'yan majalisa nasu, wasu ne za su riƙa yanke musu hukunci. Mai doyar nan da mai albasar nan ma, karatun ne ya bambanta su da iyayensu. Sun iya lissafin riba, sun iya karanta takardar banki, ba a yi musu wayo a shingen kwastan. Marigayi Alhaji Aliu Mahama, haifaffen Yendi, fasahar gini ya karanta a Kumasi, ya yi shekaru yana kwangila kafin ya zama mataimakin shugaban ƙasa a 2001. Da a ajinmu yake, ina jin da "birkila" za mu rubuta masa mu yi dariya.

Ƙorafina a kan ƙuncin jerin ne, da kuma lokacin da ake rufe shi. Yaro yana aji uku na ƙaramar sakandare, shekararsa 14 ko 15, ake miƙa masa fom ya zaɓi makaranta da fannin da zai karanta, kafin kwamfuta ta rarraba su, tsarin da ake bi tun 2005. Ni da nake cikin aji na san yadda ake cike fom ɗin nan. Uba bai iya karantawa ba, sai ya ce malam ya zaɓa. Malam yana da yara da yawa a gabansa, sai ya duba maki: mai ƙoƙari kimiyya, na tsakiya General Arts, mace Home Economics, wanda ake ganin ba ya ja a tura shi makarantar fasaha. Ni ma na yi hakan, ba sau ɗaya ba. Ga makarantar fasaha a Bawku da ke koyar da aikin hannu, amma iyaye da yawa in yaronsu ya faɗa irinta sai su zo suna roƙon a canja masa, kamar an yanke masa hukunci.

Alhali ƙofar da kowa ke layi a gabanta ba ta faɗaɗa daidai da layin ba. Tun da aka fara sakandare kyauta a watan Satumbar 2017, masu fitowa da takardar WASSCE sun ƙaru ƙwarai, kuma wannan alheri ne. Sai dai gwamnati ba ta iya ɗaukar ko waɗanda ta horar da kanta a kan lokaci. Shirin NABCO da aka buɗe a 2018 don masu digiri 100,000 an rufe shi a 2022. Kowace shekara muna ganin ma'aikatan jinya da malamai da suka gama karatu suna zanga-zanga a Accra a kan fostin. Yaron da aka raina a kan cewa albashin gwamnati ne kaɗai nasara, in bai samu ba, sai ya ɗauka shi ne ya gaza.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai na Salaga da Yendi da Bawku, in za ku gayyato wanda zai yi wa yara jawabi, kada ku tsaya a kan mai kwat da mai kaki. Ku kawo mai albasa ta faɗa musu nawa ake zuba wa mota ɗaya, nawa ake asara in hanya ta rufe, yaya ake tashi bayan an faɗi. Ku kawo mai gyaran injin jirgin ruwa da mai haɗa sola. Limamai da sarakunan zango kuma, lokacin cike fom ku tara iyaye bayan sallar Juma'a, a samu malami ya fassara musu abin da ke cikin takardar da Hausa, kafin su dangwala hannu. Mu malamai kuma mu rage laƙaba wa yara sunan aiki tun ba su san kansu ba.

Ranar da zan bar Makango, 'yar yayana da ke ajin ƙarshe a sakandare ta rako ni bakin ruwa. Na nuna mata takardar, ta karanta tana dariya, ta ce su ma sun yi tasu a waya, ita akawun banki aka ba ta. Na tambaye ta ita me take so. Ta yi shiru, ta dubi matan da ke jera kwandunan busasshen kifi suna jiran jirgin Yeji, uwarta na cikinsu.

"Baba, in na faɗa za ka yi dariya."

Na ce ba zan yi ba. Ta ce so take ta sayi injin sanyi mai aiki da sola, ta riƙa kai ɗanyen kifi Tamale, don ta lissafa abin da uwarta ke rasawa wajen ƙyafewa. Ta ciro wayarta ta nuna mini lissafin. Na duba sau biyu, ban ga kuskure ba. Na ce ta tura wa mai doya ya duba mata kuɗin mota, na ba ta lambarsa.