Wa ke sa ido a kan littafin GST?

Duk wanda ya yi digiri a jami'ar Najeriya ya zauna a wannan aji: babban zaure maƙil da ɗaruruwan ɗalibai, mai karanta likitanci kusa da mai karanta shari'a, malami ɗaya a gaba yana fama da lasifikar da ba ta kai murya layin baya. Su ne kwasa-kwasan ilimin bai-ɗaya, waɗanda ake kira GST a mafi yawan jami'o'i, GENS a Jami'ar Ahmadu Bello, GSP a Jami'ar Bayero. Ba a ba ɗalibi shaidar kammalawa sai ya ci su. Duk da haka, su ne marayun manhajar jami'a.

Tsarin ya daɗe. Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, wadda aka buɗe a 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka, ita ta fara shigo da shi ƙasar nan, domin kada injiniya ya fita bai san tarihin ƙasarsa ba, kada masanin adabi ya fita bai san yadda ake kafa hujja ba. Dokar soja mai lamba 16 ta 1985 ta ba Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ikon tsara mafi ƙarancin abin da za a koyar. Daga nan aka samu ma'aunin 1989, sai BMAS a 2007, sai CCMAS a Disambar 2022.

A kan CCMAS ne aka yi sa-in-sa. NUC ta tsara kashi 70 cikin 100 na manhaja, ta bar wa kowace jami'a kashi 30. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi watsi da tsarin a 2023, tana mai cewa an ƙwace hurumin majalisar malamai ta jami'a, wadda doka ta ɗora wa kula da koyarwa da jarrabawa. Ina ganin ƙungiyar tana da hujja. Malamin da ke Sakkwato ya fi ma'aikacin ofis a Abuja sanin abin da ɗalibinsa ya zo da shi daga sakandare da abin da ya rasa.

Sai dai wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Akwai ɓangaren da har yau yake hannun malamai kacokan: littafin da za a karanta. CCMAS ta zayyana darussa, irin su sadarwa da Ingilishi, al'ummu da al'adun Najeriya, falsafa da manɗiƙi, zaman lafiya da sasanta rikici, da dabarun sana'a. Zaɓen littafin koyar da su yana hannun jami'a. A nan ne ya kamata majalisar malamai ta nuna cewa ta cancanci hurumin da take nema, kuma a nan ne sa idonta ya fi rauni.

Lokacin da nake aji ɗaya, littafin wani kwas na bai-ɗaya yana ɗauke da takardar aikin gida a shafukansa na ƙarshe. Sai ka sayi sabo, ka yage takardar, ka cike, ka miƙa, sannan a rubuta maka makin gwaji. Ba a karɓar hoton takardar, kuma littafin da yayanka ya yi amfani da shi bara ba shi da sauran amfani. Jami'o'i da dama sun haramta tilasta sayen handawut, amma sai ya dawo da bango da suna littafi. Dalilin a fili yake: kwas na sashe yana da ɗalibai 'yan kaɗan, na bai-ɗaya kuwa duk sabon ɗalibin jami'a mai saye ne. Idan marubucin littafi shi ne mai sayarwa, shi ne kuma mai ba da maki, ɗalibi ba shi da wurin kai kuka.

Na san uzurin. Albashin malami bai kai ko'ina ba, ɗakunan karatu sun tsufa, littattafan waje sun yi tsada kuma ba su san Najeriya ba. Gaskiya ne, kuma littafin da malamanmu suka rubuta kan al'adunmu ya fi na aro. Marubuci ya cancanci ladan aikinsa. Abin da bai halatta ba shi ne a karɓi ladan ta hanyar riƙe makin ɗalibi.

Gyaran bai buƙatar izinin Abuja. Majalisar malamai ta kafa kwamiti mai wakili daga kowace tsangaya, har da wakilin ɗalibai, wanda zai amince da duk littafin bai-ɗaya kafin ya shiga aji. A aika littafin ga masana biyu na wata jami'a su tantance shi, kamar yadda ake yi wa ayyukan mai neman zama farfesa. Wanda ke da suna a bangon littafi ya fita daga zaman da za a yanke hukunci a kansa. A raba maki da saye gaba ɗaya, a sayar ta shagon littattafan jami'a da rasit, a ajiye kwafi a ɗakin karatu. Asusun TETFund yana da tallafin wallafa littattafan manyan makarantu; jami'a na iya neman sa, ta biya marubuta sau ɗaya, ta ɗora littafin a intanet kowa ya sauke a wayarsa. Sannan a riƙa sake duba kowane littafi bayan shekara uku ko huɗu, a buga rahoton kwamitin kowa ya gani.

A wannan zauren ne yaro ɗan shekara 17 yake fara ganin yadda masu ilimi ke riƙe amana. Idan a darasin al'adun Najeriya ya koyi cewa maki yana da farashi, zai tafi da darasin asibiti ko kotu ko ma'aikata. Majalisar malaman da ta tsabtace littafin GST za ta je gaban NUC da hujjar da ta fi kowace sanarwar manema labarai ƙarfi.