Zarton zayyana: Injin da aka raina, ake miƙa wa yara babu horo

Duk wanda ya leƙa rumfunan kafintoci a lokacin da bukukuwan aure suka kankama ya san irin adon da ake yayi yanzu: kan gado mai furanni, madubi mai lanƙwasasshen gefe, da sunan amarya da aka yanko daga katako za a manna a bango. Da yawa daga cikin wannan aiki da wani ɗan ƙaramin inji ake fitar da shi, wanda za mu kira zarton zayyana.

Idan ka hango shi sai ka ɗauka keken ɗinki ne. Yana da ɗan faifai da ake ɗora katako a kai, da siririn bakin zarto mai tsawon kamar inci 5 da ke hawa da sauka, mai aiki kuma yana juya katakon da hannuwansa yana bin zane. Ba shi da rugugi irin na babban injin tsaga katako, ba ya kuma ba da tsoro. Wannan rashin kwarjini nasa ne ya sa ake yi masa kallon injin yara, har maigida ya nuna wa sabon ɗan koyo makunni ya juya ya ci gaba da ciniki.

A ganina wannan sakaci ne, kuma alhakinsa na wuyan maigida. Wanda aka damƙa wa ɗan mutane domin ya koya masa sana'a, tilas ya fara da koya masa yadda zai tashi aiki da yatsunsa goma da idonsa da ƙirjinsa lafiya.

Gaskiya ne cewa a cikin zartunan lantarki, wannan na daga cikin masu sauƙin haɗari. Bakinsa siriri ne, ba ya fizgar katako ya jefo wa mutum a ciki kamar yadda zarto mai zagaye ke yi. Amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Irin waɗannan injuna na iya hawa da sauka daga kamar sau 400 zuwa fiye da sau 1,500 a minti ɗaya, kuma saboda aikin na ado ne, yatsun mai aiki na kusa da haƙoran zarton tun daga farko har ƙarshe. Bakin kan tsinke ana cikin aiki, ƙura kuma na tashi daidai hancin mutum, domin sunkuyawa yake yi yana kallon layi.

Abin da ya kamata yaro ya sani kafin ya kunna

Darasin farko shi ne ɗaura bakin zarton. Haƙoransa ƙasa suke kallo, ta yadda duk saukowar da zai yi yana danne katakon a kan faifai. Idan aka ɗaura shi a juye, sai ya riƙa ɗaga katakon yana buga shi, yaro kuma ya kai hannu da sauri don ya danne, a nan ake yankewa. Sai kuma ɗaurin: idan ya yi sako-sako zai kauce wa layi ya lanƙwashe, idan ya yi tsauri da yawa zai tsinke.

Na biyu, inda ake ajiye hannu. Yatsu a gefe da gefen bakin zarton suke zama, ba a taɓa sa su a kan layin da yake bi. Dalilin a fili yake: katako na iya suɓucewa, ko zarton ya faɗa wuri mai laushi ya zarce, duk abin da ke gabansa kuma shi zai ci. Injin na zuwa da wata 'yar ƙafa ta ƙarfe da ke danne katako tana kuma tare yatsa. Wasu kan kwance ta su jefar wai tana kare musu gani. Ƙwararre na iya kawo hujjarsa, amma ɗan koyo bai da dalilin aiki babu ita.

Na uku, haƙuri. Zarton ne ke yanka, aikin hannu shi ne ja-gora kawai. Yaron da ke tura katako da ƙarfi don ya gama da wuri zai karya baki, ya ƙona gefen aikin, wataƙila ya haɗa da yatsa. Sauri ya haifi nawa.

Akwai ƙananan ƙa'idoji da ba sa cin ko sisi. A duba katako ko akwai ƙusa a ciki, musamman tsohon katako da aka ɓalle daga wani aikin. Guntun da ya yi ƙanƙanta a manna shi a kan wani babba kafin a yanka. Ice mai zagaye kamar sanda kada a riƙe shi da hannu kawai, domin zai mirgina. Kada a share guntaye daga kan faifai inji na tafiya. A ɗaure injin da noti a kan benci don kada ya riƙa rawa, a kuma samar da haske sosai a kan layin.

Sutura ma abin dubawa ce. Riga mai faɗin hannu a naɗe ta, zobe da agogo da carbi a ajiye su gefe. Safar hannu tana da amfani wajen ɗaukar katako, amma a gaban zarto tana iya maƙalewa ta jawo hannun gaba ɗaya. Waya kuma ta zauna a aljihu. Wanda ya toshe kunnuwansa da waƙa ba zai ji sauyin ƙarar inji ba, alhali ƙarar ce ke fara sanar da mai aiki cewa wani abu ya kwance.

Haɗarin ɗauke wuta

Akwai haɗarin da littafin da ke zuwa cikin kwalin injin bai cika damuwa da shi ba, domin an rubuta shi ne don ƙasashen da wuta ba ta yawan ɗaukewa. A wurinmu, ana tsakiyar yanka sai a ɗauke wuta. Inji ya tsaya, amma makunninsa na nan a kunne. Yaro ya ce bari ya yi amfani da damar ya sauya baki ko ya zaro katakon da ya maƙale. Yana cikin haka sai a dawo da wuta, ko wani a bayan rumfa ya tayar da janareta bai sanar da kowa ba.

Maganin wannan ƙa'ida ɗaya ce da ya kamata ta zama doka a kowace rumfa: da zarar wuta ta ɗauke, a kashe makunni, kuma ba a taɓa bakin zarto sai an zare filogi daga soket. Wanda zai tayar da janareta ya ɗaga murya kowa ya ji, ya jira amsa. Akwai kuma nau'in makunni da ke kashe kansa idan wuta ta ɗauke, ba ya sake tashi sai an danna shi da hannu. Duk maigidan da ke da halin sayen inji yana da halin sa mai gyaran wuta ya haɗa masa irinsa. Haka nan al'adar cusa tsiraicin waya a soket a toshe da tsinken ashana ta isa haka, musamman a wurin da ke cike da dusar katako da jarkar fetur.

Ƙurar da ba a ɗauka a bakin komai ba

Yankan zarto ana ganinsa nan take. Illar ƙura kuwa sai bayan shekaru take bayyana, shi ya sa ba a tsoronta. Tun a shekarun 1960 likitoci a Ingila suka lura da yawaitar wani nau'in ciwon daji na cikin hanci a tsakanin masu ƙera kujeru a garin High Wycombe. A 1995, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ƙurar katako a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji ga ɗan Adam.

Kafin a kai ga wannan ma, akwai asma da tari da ƙaiƙayin fata. Katakon obeche da iroko, waɗanda muke aiki da su kullum, suna cikin itatuwan da aka san ƙurarsu na tayar da asma ga ma'aikata. Allon MDF da ya cika kasuwa kuwa garin itace ne da aka cakuɗa da gam mai sinadari aka matse, kuma ƙurarsa laushi gare ta kamar hoda, tana daɗewa a iska.

Ɗaure hanci da hankici ko takunkumin yadi ba ya tare irin wannan ƙura. Abin da ake buƙata shi ne takunkumi mai lambar N95 ko FFP2 da ya zauna daram a fuska. A ajiye injin inda iska ke wucewa, a juya ɗan bututun da ke hure ƙura daga kan layi ya kalli nesa da fuskar mai aiki, a yayyafa ruwa kafin a yi shara. Sai tabarau na kariya, domin ɓarɓashin katako ko guntun ƙarfen da ya tsinke ba ya sallama kafin ya shiga ido.

Uzurin da aka saba ji

Za a ce kayan kariya na da tsada, sana'ar kuma ba ta kawowa kamar da. Wannan magana ce da ba za a yi watsi da ita ba, ganin yadda farashin katako da fetur ya tashi. Sai dai a kwatanta kuɗin tabarau da takunkumi da kuɗin ɗinki a asibiti, da makonnin da yaro zai yi ba ya aiki. Mafi yawan ƙa'idojin da na lissafa ma ba sa buƙatar kuɗi, lokacin maigida kawai suke buƙata.

Za a ce zafi ya yi yawa, ba a iya wuni da takunkumi. To a sa shi lokacin yanka da gogewa da shara, a cire idan an fita shan iska.

Za a kuma ce haka aka koya tun kaka da kakanni, da kallo da kwaikwayo. Amma kakannin da zarton hannu suka yi aiki, wanda ke tsayawa da zarar hannu ya tsaya. Injin lantarki ba ya tsayawa don ya ji nama. Kallo na koya wa yaro yadda ake juya katako, ba ya gaya masa dalilin da ya sa maigida bai taɓa sa yatsa a gaban baki ba. Wannan sai an faɗa masa da baki, an kuma tsaya a kansa.

Sai babban uzuri, wato tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Kalma ce ta lallashi bayan abu ya faru, kuma tana da muhallinta. Amma wanda ya kwance ƙafar kariya, ya bar filogi a soket, ya sa yaron da ya kwana yana aiki saboda an matsa a kai kayan amarya gobe, bai kamata ya ɓuya a bayanta ba.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta hana a sa mutum aiki da inji mai haɗari sai an yi masa cikakken bayanin haɗarin, an horar da shi ko kuma yana ƙarƙashin kulawar wanda ya ƙware. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke aiwatarwa, ta saka 'yan koyo a cikin waɗanda take kira ma'aikata. Kowa ya san jami'an duba masana'antu ba za su iya bin rumfa-rumfa a kowane lungu ba. Shi ya sa nake ganin ƙungiyoyin kafintoci ne suka fi dacewa da wannan aiki. Suna da shugabanni, suna taro, suna sasanta rikici tsakanin mambobi. Za su iya sa sharaɗin cewa babu ɗan koyon da zai taɓa inji sai an gwada shi a gaban manya. Hukumomi irin su ITF da NDE da ke ɗaukar nauyin koyon sana'a su ma su haɗa da kayan kariya a cikin abin da suke raba wa waɗanda suka yaye.

Kowace rumfa kuma ta san abin yi idan an ji rauni. A danne wurin da tsabtataccen ƙyalle, a ɗaga hannun sama, a nufi asibiti, a tambayi allurar tetanus. Kada a zuba baƙin mai ko fetur ko dusar katako a kan ciwo. Idan yatsa ya guntule, a naɗe guntun a ƙyalle mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, a ɗora ledar cikin ruwan ƙanƙara ba tare da naman ya taɓa ƙanƙarar ba, a garzaya babban asibiti irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Iyaye su ma suna da nasu rabon. Uban da ya kai ɗansa koyon kafinta yana da haƙƙin ya tambayi maigida: wane inji yaron zai fara taɓawa, wa zai tsaya a kansa, akwai tabarau da takunkumi? Wannan ba raini ba ne ga maigida, kuma na kirki zai ji daɗin tambayar.

Masu iya magana sun ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kafinta kuwa ya fi kowa sanin haka. Halin da yaro ya ɗauka a gaban ƙaramin zarto, da shi zai je gaban babban injin tsaga katako, inda kuskure ɗaya ke tafiya da hannu. Don haka a gaban wannan ɗan injin ne ya fi sauƙi a koya masa zare filogi, kauda yatsa da rufe hanci, tun kafin a ce masa ya iya aiki.