Sirri a Masana'antar Silikon: Darasi daga Kamfanin Shockley

Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan magana ta fi dacewa da masana'antar ƙwayoyin silikon, wato 'yan ƙananan na'urorin nan da ke zaman ƙwaƙwalwar kwamfuta da wayar hannu. A shekarar 2024 kamfanin Intel na Amurka, wanda ya daɗe yana jan ragamar wannan sana'a, ya tafka asarar dala biliyan 18.8, ya kuma ba da sanarwar sallamar ma'aikata kimanin 15,000. A irin wannan hali na ƙunci, shugabannin kamfani kan ga kamar dabara ita ce su ja bakinsu su yi shiru, su rage abin da ma'aikata ke sani. Tarihin mutanen da suka kafa Intel ɗin kansa ya nuna cewa wannan dabara guba ce.

Labarin ya faro ne daga William Shockley, ɗaya daga cikin masana uku da suka sami lambar yabo ta Nobel a 1956 saboda aikinsu a kan transista. A wannan shekara ya buɗe ɗakin bincike a garin Mountain View da ke jihar Kalifoniya, da jarin wani attajiri mai suna Arnold Beckman. Ya zagaya ya zaɓo matasa haziƙai, cikinsu har da Robert Noyce da Gordon Moore, da nufin ƙera transista ta silikon a sayar. Wajen gane mai basira, Shockley ba shi da na biyu. Riƙon mutane ne ya gagare shi.

Ba a jima ba sai hankalinsa ya karkata ga wata na'ura da ya ƙirƙiro, wadda ake kira dayod mai hawa huɗu. Ya ɗauke ta a matsayin abin da zai girgiza duniya, saboda haka ya ɓoye aikin har ga mutanen gidansa, ya ware wasu kaɗan su yi shi a asirce. Sauran suna nan suna fama da transista, ba su san inda kamfanin ya dosa ba. Bugu da ƙari, idan matasan suka kawo masa sakamakon gwaji, yakan tuntuɓi tsofaffin abokan aikinsa na ɗakunan binciken Bell su tabbatar masa. Ga mai ilmin kimiyya, babu cin fuskar da ta fi wannan.

Abin da ya ƙara dagula al'amari kuwa ƙarami ne ƙwarai. Wata sakatariya ta yanke a hannu a jikin ƙofa. Shockley ya kafe a kan cewa maƙarƙashiya ce, ya nemi a gwada ma'aikata da na'urar gano ƙarya. Sai ɗaya daga cikinsu, Sheldon Roberts, ya ɗauki ƙarfen da ya yi yankan ya duba shi a madubin ƙara girma, ya ga ashe 'yar ƙusar manna takarda ce da kanta ya karye. Dama an ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle ya zama ƙarya. Matasan sun kai kuka wurin Beckman a kawo manajan da zai riƙe harkar yau da kullum, amma daga bisani ya goyi bayan Shockley. A watan Satumba na 1957 mutum takwas suka ajiye aiki a tare.

Domin a gane girman wannan kuskure, ya kamata ɗalibi ya san yadda ake ƙera waɗannan na'urori. Ana farawa da faifan silikon mai tsabta, a bi da shi ta matakai masu yawa (a yau sun kai ɗaruruwa) na gasawa da wankewa da zanawa da haske da cusa sinadarai. Ƙura guda ɗaya, ko ɗan bambancin zafi a cikin tanda, ya isa ya lalata ƙwaya. Ribar kamfani ta dogara ne a kan yawan ƙwayoyin da suka fito lafiya daga kowane faifai. To, wa ke fara ganin inda ɓarna ta shigo? Ai wanda ke tsaye a bakin tanda ne, da wanda ke aunawa. Idan suna tsoron a ɗora musu laifi, sai su yi gum. Idan kuma ba su san abin da sashen da ke kusa da su yake yi ba, ko sun ga alama ba za su gane ma'anarta ba. Masana'antar da mummunan labari ba ya isa sama da wuri, za ta yi ta zuba kuɗi a faifan da ya riga ya lalace.

Ba a ce sirri ba shi da muhalli ba. Kamfanin da ya kashe biliyoyin daloli wajen gano hanyar ƙira yana da haƙƙin kare ta daga abokan hamayya. Haka kuma dokar kasuwar hannun jari a Amurka ta hana cin riba da bayanan cikin gida, don haka ba a raba alƙaluman riba da asara barkatai kafin a sanar da jama'a. Wannan katanga ce ta zagaye gida, kowane gida na buƙatarta. Abin da Shockley ya yi kuwa shi ne gina katanga a tsakar gida, tsakanin mutanen da ke cin tuwo a akushi ɗaya. Doka ba ta tilasta wa shugaba ya ɓoye wa injiniyoyinsa cewa wani shiri ya ci tura ba, kuma ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Mutanen takwas sun kafa kamfanin Fairchild Semiconductor da jarin Sherman Fairchild. A 1958 suka sayar wa IBM transista 100 a kan dala 150 kowace, wato hajar da maigidansu na dā ya juya wa baya. A 1959 Jean Hoerni, shi ma ɗaya daga cikinsu, ya fito da hanyar shimfiɗa transista a fuskar silikon a ƙarƙashin rigar kariya, Noyce kuma ya ɗora a kai ya haɗa da'ira sukutum a ƙwaya guda. Tunanin wannan ya hau kan na wancan ne domin kowa ya san abin da ɗan'uwansa ke yi. Daga nan Noyce da Moore suka fita suka kafa Intel a 1968, inda shugabanni suka riƙa zama a fili ɗaya da ma'aikata, aka kuma ba ma'aikata da dama damar mallakar hannun jari.

Kamfanin Shockley kuwa bai taɓa cin riba ba. Dayod ɗin da aka yi ta ɓoyewa ta yi wuyar ƙerawa bai ɗaya, kasuwarta kuma ba ta taka kara ta karya ba. A 1960 Beckman ya sayar da kamfanin ga Clevite, shi kuma Shockley ya koma koyarwa a Jami'ar Stanford.