Mu Gyara Garejin Kafin Mu Sayi Sabon Inji

'Yan'uwa manoma, ina da magana a kan wani ɗaki da muka raina. Kusan kowace ƙungiya tana da shi. Wani lokaci garejin gidan shugaba ne wanda mota ta daɗe da barinsa, wani lokaci kuma tsohon ɗakin ajiya ne. A nan muke jibge garmar shanu, injin ban ruwa, famfon feshi, ragowar taki da tsofaffin tayoyi. Ra'ayina shi ne, kada ƙungiya ta ƙara sayen inji sai ta mai da ɗakin nan wurin aiki na kirki.

Ga dalilina. Bara na ga inji ya tsaya ana tsakiyar ban ruwan tumatir. Fulogi ne kawai ya yi datti, aikin minti 10. Amma mutum uku suka kwashe safiya guda suna lalube cikin duhu don neman sifanar fulogi. Daga bisani aka ɗauki babur zuwa gari, aka biya kuɗin mai da na makanike. Bayan mako ɗaya aka tsinci sifanar a ƙarƙashin buhun taki, ta yi tsatsa. Wannan ba talauci ba ne, rashin tsari ne.

Mu fara da haske. Magina suna da ƙa'ida mai sauƙi: faɗin tagogi ya kai kashi ɗaya cikin 10 na faɗin daɓe. Ɗaki mai tsawon mita 6 da faɗin mita 4 yana bukatar taga biyu, kowace mita 1 da mita 1.2. A shafe bango da farar ƙasa, gama farin bango yana mayar da haske cikin ɗaki, baƙi kuwa shanye shi yake yi. In da hali, a cire fallen kwano ɗaya a sa na roba mai haske daidai bisa teburin aiki. Don dare kuma, fitilar sola ɗaya ta isa, ba ta hayaƙi, ba ta neman kananzir.

Wani zai ce, "Taga ai hanyar ɓarawo ce." Gaskiya ne. Sai a ɗaga ta sama, a sa mata sandunan ƙarfe. Amma ku tuna, a ɗaki mai duhu da hargitsi kaya kan ɓace wata uku ba wanda ya sani.

Sai maganar sanyi. Lokacin gyaran kayan noma shi ne bayan kaka, daga Disamba zuwa Fabrairu, daidai lokacin da hunturu ya kankama. Mutanen Jos da kewaye, inda tudu ya kai kimanin mita 1,200, sun san yadda yatsu kan ƙage da safe har riƙe noti ya gagara. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, don haka a toshe ramuka da tsagogin bangon arewa da na gabas, ƙurar da ke shiga cikin inji ma za ta ragu. Tagogi da ƙofa su dubi kudu, domin a watannin sanyi rana takan karkata kudu, ta shigo ta ɗumama ɗaki kyauta. A yi rufin ciki da tabarma ko zana a ƙarƙashin kwano. Yana riƙe ɗumi da dare, yana tare zafi da bazara. Sai dai aikin walda da duk abin da ke tartsatsi, a yi shi a waje.

A nan dole in ja kunne. Kada a kuskura a hura kaskon gawayi ko a tada janareta a rufe ƙofa don jin ɗumi. Suna fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai da jiri, mutum ya kwanta ya huta, shi ke nan ba ya tashi. Man fetur kuma a ajiye shi nesa da wuta, a kusa da ƙofa a aje bokitin yashi.

Na uku, tsari. A kafa babban allo a bango, a buga ƙusoshi, a rataye guduma, zarto, filaya da sifanu. A zana siffar kowanne da fenti a bayansa. Ko wanda bai yi makaranta ba, da ya ɗaga ido zai ga abin da babu. Noti da ƙusa su shiga gwangwanayen madara, kowane iri da nasa. Teburin aiki ya kai ƙugu, wajen santimita 90, don kada baya ya yi ciwo. A raba taki da ƙarfe, gama taki yana jan laima yana cin ƙarfe. Maganin feshi ya zauna cikin akwati mai kwaɗo, nesa da iri da hannun yara. A rataye littafin aro a bakin ƙofa. Wanda ya ɗauki kaya a rubuta sunansa, ko da shugaba ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na san ma'aji zai ce babu kuɗi. To, a lissafa abin da aka kashe bana wajen kai gyara gari da sake sayen kayan da suka ɓace, a gwada da kuɗin taga biyu, fallen roba da katako. Sauran aikin kuwa na gayya ne: maza su kwaɓa ƙasa, mata su yi shafe, samari su kafa allo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ranar Asabar biyu sun ishe mu.

Ku kawo maganar nan a taronku na gaba, ku sa rana tun kafin ruwan fari ya sauka.