Sauya Bututun Bindiga A Gida: Nan Ba Amurka Ba Ce

Akwai bidiyoyin da ake ta turawa a wayoyin samarinmu: Bature a garejinsa ya kwance tsohuwar bindiga mai cin harsashi ɗaya, ya cire bututunta ya sa sabo, ya tafi fili yana harbin takarda don gwada saiti. Sai ka ji masu walda da maƙeranmu suna cewa ai wannan ba wani abu ba ne, mu ma za mu iya. To wallahi wani abu ne, kuma duk mai zuga yaro ya gwada ba masoyinsa ba ne.

Wancan Baturen yana Amurka, inda dokar tarayya ta bar mutum ya gyara bindigarsa, har ya ƙera wa kansa idan ba sayarwa zai yi ba. Mu kuwa Dokar Makamai ta 1959 ce a kanmu. Ta hana ƙera bindiga, ta hana harhaɗa ta, ta hana ko da gyaranta ba tare da izinin hukuma ba, kuma hukuncin ya kai ɗaurin shekara goma. Riƙe irin wannan bindigar ta wasa ma sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Alƙali ba zai tambaye ka takarda kake harbi ko ɗan Adam ba.

A bar maganar doka, a zo ga ƙarfen kansa, don a nan ne wautar ta fi yawa. Mai faci yana sa wa tayar mota iska kamar awo 32. Da wannan awon, ƙaramin harsashin .22 da ake wasan saiti da shi yana matsa wa bututu har 24,000, na .308 kuma ya haura 60,000. Duk wannan a tazarar ɗan yatsa daga idon mai harbi. Ɗan ƙaramin kuskure a mazaunin harsashi ya isa ya fasa kwanson, wuta ta dawo fuska. Shi ya sa a Ingila, ƙasar da ta fi mu maƙeran bindiga nesa ba kusa ba, tun 1813 suka kafa gidan gwajin bututu a Birmingham. Ana ɗura wa bindiga abin da ya fi ƙarfin harsashin da aka yi ta dominsa, a harba a ɗakin da ba kowa, idan ta tsira a buga mata hatimi. Sayar da wadda ba ta da hatimin laifi ne, kuma sauya bututu na nufin a koma gwaji. Kai da wa za ka gwada taka? Da ƙaninka?

Wani zai ce kakanninmu sun ƙera bindigar toka da hannu. Haka ne, kuma albarushin da ake ɗura mata ba shi da zafin na harsashin zamani. Duk da haka a je a ƙirga yatsun tsofaffin mafarauta.

Abin da ya fi damuna shi ne inda muke zaune. A Uromi ta jihar Edo, cikin Maris na 2025, an kashe matafiya 16 'yan Arewa, mafarauta ne a hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano, bayan an ga bindigogin farauta a motarsu. Zalunci ne tsagwaronsa, babu uzuri. Amma ya nuna mana yadda ake karanta bindiga a hannun Bahaushe a Kudu. Ranar da aka kama bututu ɗaya a shagon walda a Sabo ko Agege, ba sunan yaron za a buga a jarida ba, "Hausawa" za a rubuta, mai shayi da mai acaɓa da mai sayar da albasa su biya.

Wasan saiti halal ne, tun 1896 ake yinsa a gasar Olamfik, har akwai na bindigar iska a nisan mita 10. Mai sha'awa ya nemi lasisi, ya nemi filin harbi da hukuma ta amince da shi. Iyayen gidan masu walda kuma, ku duba abin da yaranku ke ɗaurawa a inji bayan kun tashi, kuma shugabannin unguwa su kira zama a kan wannan kafin 'yan sanda su riga mu.