Ba Ragwanci Ne Ya Kai Ni Ga Tiyatar Ƙiba Ba

Yau ba labarin soyayya na kawo muku ba, magana ce a kan ƙiba, kuma ni ce abin misali. Nan da mako 6 za a yi mini tiyatar rage ƙiba, bayan shekara 36 ina ɗauke da jikin da ya fi ƙarfin ƙafafuna. Tun da maganar ta fita cikin dangi, abu guda nake ji: "Ke dai raguwa ce, ki rage ci mana." A ganina masu faɗin haka ba su san ƙiba ba, balle su san aikin.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun ina firamare ake kirana lukuta. Na bar tuwon dare, na sha ruwan zafi da lemon tsami, na yi tattaki har takalma sun gaji. Nakan sauke kilo 10, kafin shekara ta zagayo sun dawo da 'yan rakiya. Likitoci sun san dalili: idan mutum ya rame, jiki kan rage ƙona abinci, ya kuma ƙara masa yunwa, domin ya koma inda yake. Ga kuma gado. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki ƙiba a matsayin ciwo mai daɗewa, kuma alƙalumanta na 2022 sun nuna mutum 1 cikin 8 a duniya na fama da ita.

Akwai ma'aunin da ake kira BMI, wato a raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita sau biyu. Daga 30 ƙiba ta fara. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka ba da shawarar tiyata ga wanda ya kai 35, ko wanda ya kai 30 in yana da ciwo irin na suga. Ni nauyina kilo 128, tsawona mita 1.62, ma'aunina ya kusa 49. Ga hawan jini, ga suga, ga gwiwoyin da sai da kujera nake salla.

To, mene ne aikin? Ta 'yan ƙananan huji a ciki, likita zai cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, wato jakar da abinci ke sauka, ya bar siririn abu mai kama da ayaba. Abin da aka cire ba ya dawowa. Kafin ranar sai an yi gwajin jini da na zuciya, an zauna da masanin abinci. Mako 2 na ƙarshe abinci ne ɗan kaɗan marar kitse da zaƙi, domin hanta ta rage girma likita ya samu wurin aiki. Bayan tiyata kuwa ruwa-ruwa za a fara, sannan mai laushi, sai an yi makonni kafin a tauna nama. Ƙwayoyin ƙarin jini da na bitamin sun zama abokan zama har ƙarshen rayuwa. Mace za ta dakata da ɗaukar ciki na wata 12 zuwa 18, azumin farko ma sai abin da likita ya ce. Akwai haɗari, ɗinki kan iya yoyo, jini kan iya daskarewa a jijiya, kuma wanda ya saki jiki ƙibar na iya dawo masa. Don Allah a ina rago zai shiga wannan?

Wasu sun ce in gwada allurar nan ta Wegovy da Amurka ta amince da ita a 2021. Tana aiki, sai dai tsadarta ba kama hannun yaro, kuma yawancin waɗanda suka daina nauyin na komo musu. Kowa da abin da ya dace da jikinsa, likita ne zai raba gardama.

Abin da ya fi damuna halinmu ne. Amarya ta yi ƙiba mu ce miji ya iya kiwo, har 'yan mata na sayen sha-ka-fashe a kemis. Ranar da abin ya wuce kima kuma, mu ne a gaba wajen gori. Mu marubuta ma da namu laifin a wuyan alƙalami: jaruma kullum doguwa siririya, mai ƙiba kuwa ita ce muguwar kishiya ko abin dariya a gidan biki.

Saboda haka in kuna da ɗan'uwa ko 'yar'uwa mai shirin wannan aiki, shirin da ku ake yi. Ku raka ta asibiti ku ji bayani da kunnenku. In ta ci cokali 3 ta ture kwano, kada a ce ta raina girki, kada a cika mata faranti da sunan kara. Ku tambaye ta abin da za ta iya ci kafin ku ɗora tukunya. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, sai mun sake haɗuwa.