Azola: kafin ka zuba ta a ruwa, ka tabbata ita ce

Tun da taki da abincin kaji suka yi tashin gwauron zabo bayan cire tallafin mai a 2023, ake ta yaɗa bidiyon azola a Facebook da WhatsApp, wasu har sayar da irinta suke yi. Ba ƙarya suke ba, tana da amfani. Matsalar ita ce tana da 'yar'uwa mai suna salbiniya, ita ma a kan ruwa take yawo, kuma annoba ce.

Dukkansu daga dangin tsirran da ba sa fure ba sa 'ya'ya suke. Azolar da aka fi nomawa 'yar ƙasa ce a Afirka da Asiya da Ostireliya. Ba ta wuce girman farcen babban yatsa ba, ganyenta ƙanana ne reras, a jere kamar ɓawon kifi, kuma takan koma ja idan rana ta yi ƙarfi. A cikin ganyen akwai ƙwayoyin halitta masu jawo sinadarin naitirojin daga iska, shi ya sa manoman shinkafa a Sin da Biyetnam suka shafe ɗaruruwan shekaru suna takin gona da ita.

Salbiniya kuwa daga kudu maso gabashin Birazil ta fito. Ganyenta ya fi girma, bibbiyu yake fitowa, yana naɗewa idan ta cunkushe, kuma yana da gashi a sama. Ɗiga masa ruwa ka gani, sai ya gangare kamar dutsen ado. Ɗan guntunta ya isa ya cika tafki. Ta mamaye madatsar Kariba da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe tun daga 1959. A 1999 ta shiga kogin Senegal daga wurin da ake gwada nomanta don abincin kaji, sai da aka kawo wani ƙwaro mai cinta kafin a shawo kanta.

Wanda ya ga abin da kachala ta yi wa fadamun Haɗeja da Nguru ya san illar ciyawar da ta toshe hanyar ruwa. Don haka kada ƙungiyarku ta sayi iri daga hoto. Ku kai wa malamin gona ya duba, ku fara a ƙaramin rami mai leda, nesa da kogi da magudanar noman rani. Ku yi masa inuwa, don azola ba ta jure zafin bazara.